Gidan tarihi na neman aron tsofaffin kayan gidanmu na sistoci: mu gyara su kafin mu miƙa?

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ni Sista ce, 'yar kudancin Kaduna, ina hidima a wani gidan sistocin Katolika a tsakiyar Ingila. An ɗora mini kula da ma'ajiyar takardun gidan bayan tsohuwar da ke riƙe da ita ta kwanta ciwo. Wani gidan tarihi yana shirya baje koli a kan salon Gotik, wato salon ginin coci-cocin Turai na tsakiyar zamanai mai bakuna masu tsini, da aka farfaɗo da shi a ƙarni na 19, ya rubuto yana neman aron zane-zanen ɗakin sujadarmu, da wasiƙun shekarun 1840 tsakanin gidanmu da maƙeran Hardman na Birmingham, da littafin kuɗi, da wata jar rigar Mas, wato wadda fada ke sawa lokacin babbar sujadarmu, da alkukan kyandir biyu. Hankalina a tashe yake. Kayan sun yi baƙi, zanen ya yage a kan ninki, rigar ta fara zarewa. Shugabarmu ta ce abin kunya ne a kai su gaban jama'a a haka. Wani ɗan ikilisiya mai kirki ya kawo na'urar lamineshin, har ya riga ya yi wa wasiƙu biyu. Wata kuma ta ce za ta kai rigar gidan wanki, ta goge alkukan su yi ƙyalli. Ga tsofaffin sistoci suna ta cewa abin da ya shiga gidan tarihi ba ya dawowa. Don Allah ka fitar da ni.

AMSA

Sista, sannu da hidima, Allah ya ba tsohuwar lafiya. Kafin ki ƙarasa karanta wannan amsa, ki fitar da na'urar nan daga ɗakin ma'ajiya, ki kulle ƙofa, ki riƙe mabuɗin a wurinki. Kada rigar ta je gidan wanki, kada tsumma ya taɓa alkukan. Sauran abubuwan da kika tambaya duk suna iya jira, wannan ne kaɗai ba ya jira.

Ki fara da sanin dalilin da ya sa aka zo ƙofarku. Gidajen tarihin Ingila ba su rasa kayan Gotik ba. Suna da kofunan Mas, da tayil na kamfanin Minton, da kujerun kamfanin Crace, da tagogin gilashi masu launi fiye da abin da za su iya nunawa. Abin da suka rasa shi ne takardar da za ta ce wane ne ya yi odar wannan, a wace shekara, nawa aka biya, wa ya ba da kuɗin, kuma me masu gidan suka ce da kayan ya iso. Wannan yana hannun irinku. Bayan dokar 1829 da ta sassauta wa Katolikan Birtaniya, sai gine-gine suka ɓarke, mai zanen gine-gine Augustus Pugin kuwa, wanda ya shiga Katolika a 1835 ya rasu a 1852 yana da shekara 40 kacal, ya yi wa coci-coci da gidajen sistoci da na sufaye aiki mai yawa: babban cocin St Chad a Birmingham, gidan sistocin Mercy a Handsworth da aka buɗe a 1841, gidan sufaye na Mount St Bernard, da aikinsa a kwalejin Oscott. John Hardman ne ke ƙera masa kayan ƙarfe tun 1838, daga 1845 kuma har da gilashi. Littattafan cinikin kamfanin Hardman suna nan a Birmingham, don haka wasiƙar gidanku ɗaya tana iya haɗuwa da layi ɗaya a littafinsu, alkuki marar asali ya samu shekara da mai shi. Babban baje kolin Pugin da gidan tarihin Victoria and Albert na Landan ya yi a 1994 ya dogara ƙwarai da aron kayan coci-coci da gidajen addini. Wani lokaci ma takarda ce kaɗai ta rage. Gidan sistocin Mercy da Pugin ya zana a Bermondsey ya lalace da bam a 1945, kuma daga wasiƙun Catherine McAuley, wadda ta kafa ƙungiyar, muka san cewa salon ginin bai burge ta ba ko kaɗan. Irin wannan shaida ba a samunta a jikin dutse.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, kuma zan daɗe a kansa domin kullum shi nake gani. Mutane sun ɗauka tsohon abu sai an yi masa kwalliya kafin ya fita, sun ɗauka datti da ninki da tabo aibu ne da ya kamata a rufe. Wannan tunani ya hallaka takardu fiye da gara, fiye da ɓera, fiye da ruwan sama. Gara tana cin gefe ta bar tsakiya. Mai kyakkyawar niyya da na'ura a hannu shafi guda yake gamawa da shi cikin minti ɗaya, ya kuma tafi gida yana jin ya yi aikin lada.

Lamineshin ba sa takarda a cikin leda ba ne kawai. Ledar tana da gam a cikinta, na'urar tana narkar da gam ɗin da zafin da yakan wuce digiri 100, ta danna shi ya ratsa cikin zaren takardar. Daga nan takarda da leda sun zama abu ɗaya. Ki duba abin da ke kan wasiƙar 1840 da wani abu. Tawadarta irin ta ƙarfe ce, wadda ake haɗawa da gishirin ƙarfe da sinadarin jima da ƙaro, kuma da ma tana cin takarda a hankali. Zafi yana hanzarta wannan ci. Tsamin da ke cikin takardar kuma an kulle shi tare da ita, ba a rage shi ba, kuma mai gyara ba shi da hanyar kai hannu ya rage shi nan gaba. Idan akwai hatimin kaki, ya narke ya baje. A wancan zamani sau da yawa wasiƙar kanta ake ninkewa a rubuta adireshi a bayanta, don haka ninkin da tambarin gidan waya suna cikin shaidar. Pugin ba ya yawan rubuta kwanan wata a wasiƙunsa. Margaret Belcher, wadda ta tattara su a juzu'i 5, da irin waɗannan ƙananan alamu ta riƙa gano lokacin da aka rubuta da yawa daga cikinsu. Wanda ya miƙar da ninki ya datse gefe don takarda ta shiga leda daidai, ya datse kwanan wata ke nan bai sani ba.

Zanen gini ya fi haka haɗari. Wasu a kan takardar kwafi suke, wadda a da ake jiƙa ta da mai ko ƙaro don ta yi shara-shara, shi ya sa take yin ruwan ƙasa ta bushe ta riƙa karyewa da tsufa. Irin wannan ko na'urar ba za ta fita da rai ba. A kan zanen akwai hudar tsinken kamfas, akwai layin da aka ja da tsini ba tawada, akwai fensir a ƙarƙashin alƙalami inda mai zane ya canza ra'ayi a kan tsayin baka mai tsini, akwai tambarin masana'antar takarda da sai an ɗaga ta ga haske ake gani, wani lokaci har da shekara. Baƙin da shugabarku ke jin kunyarsa, mai yiwuwa yatsun magina ne da ƙurar wurin aiki, wato hujjar cewa wannan zanen ne aka riƙe aka yi ginin da kuke sujada a ciki. Mai shirya baje koli da ya san aikinsa wannan yake nema. Da tsabtataccen hoto yake so, da ya buga sabo.

Kada kuma wani ya ce miki ai ƙwararru ma suna yi. Sun yi, sun yi da-na-sani. A shekarun 1930 William Barrow a jihar Virginia ta Amurka ya fito da hanyar liƙe takardu tsakanin ledoji da zafi, manyan ma'ajiyoyi suka rungume ta shekaru da dama, suka bi ta kan takardu masu ɗimbin yawa. Daga baya ledar ta fara lalacewa, tana lanƙwashewa, tana warin ruwan tsami, aka koma kashe kuɗi da shekaru wajen ɓanɓaro abin da aka liƙe. Naɗaɗɗun littattafan Tekun Gishiri kuwa, wato tsofaffin rubuce-rubucen Yahudawa da aka gano a koguna kusa da wannan teku, malaman da suka fara nazarinsu a shekarun 1950 da salatif suka riƙa haɗa gutsattsarin. Gam ɗin ya ratsa fata ya baƙanta ta, kuma tun 1991 masu gyara suka duƙufa cire shi gutsure bayan gutsure. Waɗannan masana ne na duniya, da kayan aikin da suka fi na zamaninsu kyau. Ina ga na'urar ofis ta liƙe katin shaida?

Na san inda muka ɗauko wannan ɗabi'a, ni da ke. A gida, yaro yana karɓar satifiket zai wuce shagon buga takardu a liƙe masa, kuma mai shagon ba zai taɓa ce masa a'a ba. Daga satifiket aka wuce zuwa takardar gona, aka wuce zuwa rajistar baftisma, aka wuce zuwa rubutun ajami da na Larabci da kakanni suka bari a gafaka. An sha kawo mini shafin da ya rayu fiye da ƙarni a cikin fata lafiya lau, ya zo ya mutu a cikin leda. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu kiran kansu ƙwararrun adana tarihi, suna yawo da na'ura da gam da turare, suna karɓar kuɗin mutane suna yin gyaran gangar Auzinawa. Ga ma'auni ɗaya da za ki auna duk wanda ya zo miki: ki tambaye shi, abin da za ka sa, ana iya cire shi bayan shekara 50 ba tare da takardar ta ji ciwo ba? In ya yi inda-inda, ki raka shi ƙofa. Ɗan ikilisiyarku ba ya cikin waɗannan, shi taimako ya nufa, ki gode masa da zuciya ɗaya. Amma ki hana shi.

Salatif ma haka. Yau yana da haske, bayan wasu shekaru ledarsa ta faɗi ta bar tabo ruwan ƙasa da ya ratsa gaba da baya. Dutsen guga haka, gam na ofis haka, abin goge fensir haka. Mai gyara na gaskiya da siririyar takardar Japan da kunun sitacin alkama yake ɗinke yaga, domin da ɗan danshi ana iya janye su.

Rigar Mas ɗin ce ta fi ba ni tsoro bayan wasiƙun. Gidan wanki zai jefa ta cikin injin da ke juyawa, sannan ya danne ta da tururi. Siliki mai shekara fiye da 150 ba ya jure ko ɗaya. Jan rini yana iya zuba ya shiga farin shafi. Zaren zinariyar da ke jiki siririn ƙarfe ne da aka naɗe a kan zaren siliki, in ya dushe ya dushe ke nan, gogewa ɓare shi take yi. In kuma silikin na ƙarshen ƙarnin ne, wanda ake ƙara wa nauyi da gishirin kuza, to da kansa yake tsagewa, taɓawa kaɗan ta ishe shi. Akwai kuma abin da masanin tufafi zai so ya gani. Pugin ya yi gwagwarmayar dawo da faffaɗar riga mai zubowa irin ta tsakiyar zamanai a maimakon tsukakkiyar da aka saba da ita, rigimar ta kai har Roma, kuma daga baya an rage wa wasu riguna faɗi. Tarihin wannan yana cikin tsohon ɗinki da ramukan allura. Sista mai hannu da ta zauna ta sake ɗinke ta tsaf ta share shi. Ki sauke rigar daga kan ƙugiya in a rataye take, ki shimfiɗa ta kwance, ki cusa takarda mai laushi marar tsami a cikin kowane ninki, ki rufe da wankakken farin ƙyalle.

Alkukan kuma, da yawa daga kayan Hardman tagulla ne ko jan ƙarfe da aka shafa wa zinariya ko azurfa sama-sama, wasu da ado na enamel, wato gilashi mai launi da aka narka a kan ƙarfe. Man goge ƙarfe yana da yashi mai laushi a ciki. Ƙyallin da yake bayarwa na ƙarfen ƙasa ne da ya bayyana bayan ya kankare na sama, ragowarsa kuma yana maƙalewa fari a cikin sassaƙa. Ki ɗauke su da safar hannu ta roba, da hannu biyu, ta gindi. Takarda ita hannu wankakke busasshe take so, farar safar auduga tana sa yatsa ya kasa jin gefen shafi har ya yaga.

In shugabarku ta tsaya a kan batun kunya, ki kai mata dokar Ikilisiya da ladabi. Doka mai lamba 1189 ta ce siffofi masu daraja saboda tsufa ko fasaha ko girmamawa, waɗanda ke coci ko ɗakin sujada, ba a gyara su sai da rubutaccen izinin shugaban da ke da iko, shi ma sai ya tuntuɓi masana. Dokar a kan siffofi take magana, amma hikimar da ke cikinta ta shafi duk abin da ke hannunki. Ikilisiya ta san abin da hannu mai ɗoki ke yi.

Gyaran da ya zama dole don kaya su iya tafiya, aikin mai gyara ne da aka tantance, kuma a al'ada mai aro ne ke ɗaukar kuɗinsa. Cibiyar masu gyara ta Birtaniya, Icon, tana da rajistar irin waɗannan. Ƙungiyar ma'ajiyoyin Katolika da aka kafa a 1979 ma tana taimakon gidaje irin naku da shawara. Naki aikin shi ne ki ɗauki hoton kowane abu gaba da baya kamar yadda yake a yau, ki ba shi lamba da fensir a kan jakar da yake ciki, ki sa takardun a kwance cikin jakar takarda marar tsami ko aljihun leda na adana takardu wanda ba shi da gam, ba a kuma rufe shi da zafi.

Maganar tsofaffin sistoci tana da tushe, ko da yake ba yadda suke faɗa ba. Kayan da suka ɓace a gidajen tarihi galibi waɗanda aka miƙa da baki ne, ko aka ba da aron da ba a sa masa ranar ƙarewa ba, sai wadda ta bayar ta rasu, wanda ya karɓa ya yi ritaya, aka rasa mai tuna na wane ne. Maganinsa yarjejeniya a rubuce. Ta faɗi cewa kayan mallakar ƙungiyarku ne, ta faɗi ranar fita da ranar dawowa, da darajar kowane abu, da wanda zai shirya shi a akwati ya ɗauka. Kada ki yarda wani ya zo ya sa su a bayan motarsa. A rubuta rahoton halin da kowane abu yake ciki, ku sa hannu ku biyu ranar fita, a sake dubawa ranar dawowa. Haske a kan takarda da siliki kada ya wuce lux 50 a ma'aunin ƙarfin haske, babu hasken rana, kuma nunin kada ya wuce 'yan watanni, domin kodewar haske taruwa take yi, ba ta komawa. Danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60 ba tare da hawa da sauka ba. A rubuta cewa ba za a yi wa komai gyara ba sai da izininku. Ki tambaya ko inshorar kasuwa ce za ta rufe kayan ko tsarin lamunin gwamnatin Birtaniya da ke ƙarƙashin dokar 1980, kuma ya fara daga lokacin da suka bar hannunki har su dawo. Ki lura, wannan tsari ba ya biyan lahanin da kaya suka zo da shi, don haka in gyaran gida ya ɓare a cikin akwatin nuni, asarar taku ce.

Ta ɓangarenku, aro ba sayarwa ba ne. Dokar Ikilisiya mai lamba 638 tana neman izinin Fadar Paparoma kafin ƙungiyar addini ta rabu da abu mai darajar fasaha ko tarihi, shi ya sa aron da ba shi da iyaka yake da haɗari, domin rabuwa ce ta bayan gida. Aro na watanni kuwa amincewar shugabarku da majalisarta da amintattun dukiyar ƙungiya yake buƙata, a rubuta a littafin taro. Ki fara bin wannan yau. Na ga aro mai kyau ya mutu saboda wasiƙa ta kwana watanni a kan teburin wani da ba ya son ya ce e, ba ya son ya ce a'a, har aka buga littafin baje kolin babu sunan gidan. Ki sa wa kowane ofis ranar da kike jiran amsa, ki bi da ƙafa. Kuma ki karanta littafin kuɗin shafi-shafi kafin ya fita. In akwai sunayen marayu ko marasa lafiya da gidan ya taimaka, ku ne za ku zaɓi shafin da za a buɗe.

A littafin nan ne nake so ki tsaya da ƙarfi. Baje kolin Gotik ya saba kiran sunayen maza: Pugin, Hardman, da masu zanen gini Street da Scott. Amma ɗimbin rigunan Mas da mayafan bagadi na wancan ƙarni mata ne suka yi musu aikin allura, sistocin Katolika da na Angilikan irin na garuruwan East Grinstead da Wantage, suna zaune shekara da shekaru idonsu na ƙarewa a kan zare. In littafinku ya nuna an sayi siliki da zaren zinariya, in tarihin gidan ya ambaci wadda ta yi ɗinkin, ki sa a cikin sharaɗin aro cewa sunanta zai hau allon bayani kusa da na mai zane. Waɗannan mata sun yi alkawarin talauci, ba su bar gida ko gona ba, abin da suka bari ke nan a hannunki. Amana ce, Sista, kuma wadda ta riƙe ta kafin ke ta miƙo miki ita da ninkinta da tabonta domin ba ta ga dama ta ƙawata abin da ba nata ba. Abin kunyar da ya kamata gidan ya ji tsoro shi ne a buɗe akwati a gaban masana a tarar an narkar da hatimi an kankare zinariya a makon jiya.

Wasiƙu biyun da aka riga aka liƙe, kada ki yi ƙoƙarin ɓare su. Kada ki sa reza a gefe, kada ki sa dutsen guga ko na'urar busar da gashi, domin rabin takardar ne zai bi leda, tawadar ta rabu biyu. Ki ɗauki hotonsu da kyau gaba da baya, ki kwafe rubutun da hannu tun yana karantuwa, ki ajiye su kwance a wuri mai sanyi da duhu, dabam da sauran. Ki rubuta a rajista ranar da aka liƙe su da irin ledar, in kwalinta yana nan ki adana shi, domin mai gyara zai so ya san irin gam ɗin. Sannan ki gaya wa gidan tarihin gaskiya a wasiƙarki ta farko, ki nemi mai gyaran takardunsu ya zo ya duba su tare da zanen da ya yage kafin a motsa komai daga ɗakin.